Wadda Ke Lulluɓe Bishiyoyin Layinmu

Da safiyar Talata, tara ga watan Janairu, Allah ya karɓi ran Doña Otilia Bojórquez, wadda duk layinmu ya sani da Tila, a wani asibiti a nan Tucson, bayan gajeruwar jinya ta ciwon zuciya. Ta rasu tana da shekara saba'in da takwas, ta bar 'ya'ya biyu, Ramiro da Idalia, da jikoki. Wanda ya ba da rai ya karɓi abinsa. Dukanmu kan wannan hanyar muke, ita dai ta riga mu isa.

Ni ce Socorro, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da na marigayiyar sama da shekara arba'in. Ita ta riƙe 'yata ranar baftisma, kuma tun daga ranar ba mu ƙara kiran juna da suna ba, sai komadre, laƙabin da uwa da uwar baftisma ke kiran juna da shi a wajenmu. An ce in faɗi wani abu a coci ranar jana'iza, na miƙe, bakina ya ƙi buɗewa, ni da duk unguwa ta sani da baki. Shi ya sa na zauna na rubuta. Kuma da ke zan yi maganar, komadre, don ban saba yin zancenki a bayan idonki ba.

Kin san layinmu a kwari yake, dab da busasshen kogi, kuma sanyi inda ya fi ƙasa nan yake gangarowa ya kwanta. Mafi yawan shekara da rana muke kuka, har sitiyarin mota ba ya taɓuwa. Sai a 'yan kwanakin hunturu raɓa ta daskare, ta ƙone a kwana ɗaya abin da mutum ya yi shekaru yana shayarwa. Ke ba ki jiran rediyo ya gaya miki. In aka yi ruwa, gari ya washe da yamma, iska ta ɗauke cak, hayaƙin gidan maƙwabcinmu Don Fidencio ya miƙe sama ɗoɗar, to, sai mu ji kukan tayar baronki daga bakin layi. Tayar nan ba ta taɓa ganin ɗigon mai ba. Na yi magana har na gaji, kika ce da wannan kukan kike tashin malalata.

Baron cike yake da tsofaffin zannuwan gado da barguna. Gida gida kike bi, ba sallama mai tsawo, ba neman izini. Gidan da kika tarar ba a shayar da ƙasan bishiya tun da rana ba, sai kin fara yi wa mai gidan wankin babban bargo kafin ki ba shi ƙarami, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ce ke riƙe ɗumin rana. Wanda ya rufe shukarsa da leda kuwa, wannan ba ya samun ko faɗan, kallo kawai kike masa ki yaye ledar. Dogayen murtsunguwa masu ƙaya na ƙofar gidaje ki kifa musu kofunan takarda a ka, ɗaya bayan ɗaya, har layin ya zama abin dariya ga mai wucewa. Mu ba mu taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

Ina tuna shekarar da Don Fidencio ya ce ya gaji da mulkin mata, zai rufe lemun zaƙinsa da kansa. Ya naɗe kan bishiyar da zani, ya tattaro bakin ya ɗaure tam a jikin kututture, ya tsaya yana jiran yabo. Kika ajiye baro, kika riƙe ƙugu.

"Don Fidencio, biki za ta je ne, da ka ɗaura mata ɗankwali?"

"Doña Tila, ai ta kai sanyi ke shiga."

"Naka kan ke nan, da ba gashi. Ita ɗuminta daga ƙasa yake tasowa. Kwance shi ya sauka har ƙasa, ka danne da bulo. Kada ka bar ko gefe ɗaya a buɗe."

Ya kwance yana gunaguni, ya ce Allah ya ji ƙan mijinki Nabor, ya sha haƙuri. Kika ce amin, kuma ya sha lemun tsami. Ranar jana'izarki Don Fidencio ne ya fi kowa kuka cikin maza.

Maganar Nabor, mijinki, ita ta kawo ni kan al'adar da kika bar mana, wadda ban san wani layi a garin nan da ke yin ta ba. Hunturun da ya biyo bayan rasuwarsa, zannuwa suka yi ƙaranci, sai kika ɗauko jan bargonsa kika lulluɓa wa ɓauren gidana. Na ce haba komadre, wannan ai na ajiya ne. Kika ce mutumin da bai taɓa zama ba aiki ba, bargonsa ma ba zai so zaman akwati ba. Daga nan abin ya bi layi. Duk gidan da aka yi rasuwa, bayan an gama kwanakin addu'a, sai a wanke bargon mamacin a kawo miki. Ba wanda ya kafa doka, haka kawai ya zama. A yammacin sanyi mutum zai taka daga wannan ƙarshen layi zuwa wancan yana gane mutanensa: ga na Nabor, ga na mahaifiyar wane, ga ɗan ƙaramin mai zanen agwagwa da ba mu cika son kallonsa ba, wanda kike rufa wa dashen da bai yi ƙwari ba.

Da nawa mijin, Anselmo, ya rasu, na rufe ƙofa. Ban son gaisuwa, ban son abinci, ban son fuskar kowa, har taki. Kin kawo farfesun tumbi na bar shi ya huce a bakin ƙofa. Kin yi magana ta taga na yi kamar barci nake. Ba ki yi mini wa'azi ba ko sau ɗaya, kuma na gode miki da wannan fiye da farfesun. Sai wata yamma na ji kukan baro ya tsaya a ƙofata, kika buga da ƙarfi, kika ce, "Komadre, fito ki riƙe mini gefen zani, hannuna biyu ne kacal." Na ce ki nemi wani. Kika ce duk sun mutu ko sun yi ƙiba. Na fito da fushi, da silifas, ba ko mayafi. Muka rufe bishiyar farko, muka wuce ta biyu, kafin in farga mun kai ƙarshen layi, ina faɗa da mutane kan leda. Washegari ni da kaina na wanke bargon Anselmo na kawo miki. Kin karɓa, kika naɗe shi kika sa a saman sauran.

Amma duk bishiyoyin layin nan, guda ɗaya ce taki ta zuciya: lemun tsamin bayan gidanki. Kin zo da ƙwayoyinsa ƙulle a bakin hankici daga ƙauyenku na jihar Sonora, can ƙetaren iyaka, daga bishiyar tsakar gidan mahaifiyarki, kafin ruwan madatsa ya shanye ƙauyen duka, da cocinsa da maƙabartarsa. Kin sha gaya mini ba ki da inda za ki je ki ce nan aka haife ni, sai dai ki shiga kwalekwale ki nuna ruwa. Bishiyar nan ita ce abin da ya rage miki na gida. Kuma cikin duk dangin lemu, ba wanda ya kai lemun tsami raki a gaban sanyi. Sau ɗaya, a wani mugun hunturu, ya ƙone har zuwa gwiwa, kika yi shekaru kina lallaɓa shi kafin ya sake ba da ɗa. A 'yan shekarun nan kina cewa ya tsufa kamar ke, in aka sake yi masa irin wancan ba zai tashi ba.

Duk da haka shi kike rufewa a ƙarshe, kullum. Kafin ki zagayo gida baro ya zama wayam, sai ki shiga ɗaki ki yaye bargon gadonki, wanda kika haɗa da hannunki daga ƙyallayen rigunan Nabor da kayan makarantar yara, ki hau ɗan tsani ki lulluɓa masa. A ƙarƙashi kuma kin naɗe rassan da tsofaffin fitilun Kirsimeti, masu manyan ƙwai da ke zafi, su ne murhunsa. Ke kuma ki kwana cikin rigar sanyi. Ba hunturun da ba mu yi faɗa kan wannan ba. Na ce za ki kashe kanki saboda abin matsawa a miya. Kika ce ke kina da bango da rufi, shi fa? 'Ya'yanki ba su san da wannan ba, don sun daɗe da barin gari, kuma kin hana ni faɗa.

A Kirsimetin da ya wuce Ramiro ya zo daga arewa inda yake aiki. Ya ga wayoyin fitilun nan sun tsage, an ɗaure su da tef nan da can, hankalinsa ya tashi, ya ce wata rana za su ƙone gidan da ke a ciki. Ya kwance su ya zuba a shara, ya sayo sababbi na zamani, masu ƙananan ƙwai da haske kamar taurari, ya yini yana naɗa su a rassa, ƙaya na yakushinsa. Ƙauna ce ta sa shi, kuma kin san da haka. Bayan ya tafi kika kira ni bakin katanga, kika kama hannuna kika ɗora kan ƙwai ɗaya yana ci. Sanyi ƙalau. Kika yi dariya har da hawaye.

"Kin gani? Kyau ba ɗumi, kamar sabon limamin cocinmu."

"Ki kira shi ki gaya masa mana."

"Kul. Yaron da ya yini a kan tsani? Ki rantse ba za ki faɗa ba. Zan nemo tsofaffi a kasuwar kayan gwanjo kafin sanyin gaske ya sauko."

Na rantse. Ba ki kai ga zuwa kasuwar ba. Bayan sabuwar shekara numfashi ya fara yi miki wuya, aka kai ki asibiti. Ziyarar da na kai miki ta ƙarshe, ba ki tambaye ni lafiyar kowa ba, kika tambaya ko na ga hayaƙin gidan Don Fidencio. Na ce gari da ɗumi, har mutane na yawo da 'yar shara. Kika ce kada a saki jiki da Janairu. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe, kuma da na san ita ce, da na samo wadda ta fi ta. Ko da yake, da na san ki, wataƙila ita ɗin kike so.

Ranar Litinin aka binne ki. An kwana ana ruwa, da safe muka tsaya a maƙabarta cikin yayyafi. Da muka dawo gidanki aka zauna cin abinci, tamale, wato alalar masara mai nama, da kofi, ɗaki cike, ana ba da labaranki ana dariya ana share ido. Can da la'asar Don Fidencio ya fita shan iska, sai ga shi ya dawo da hula a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Jama'a, gari ya washe." Na leƙa ta taga. Ba gajimare ko ɗaya, duwatsun arewa fari fat, ganye ko motsi ba ya yi.

Ba wanda ya ba da umarni. Mutane suka ajiye faranti. Na je rumfarki na jawo baro, tayar ta yi kukanta. Haka muka bi layin nan da baƙaƙen kayanmu na makoki, mata da takalman coci suna nutsewa a taɓo, maza da kwat suna ɗibar bulo. Muka rufe ɓaure, muka rufe lemuka, muka kifa kofuna. Kuma da yake ke kika koya mana hanyar, yadda kike bi haka muka bi, daga bakin layi zuwa ƙarshe. Rana na dab da faɗuwa muka zagayo bayan gidanki, muka tsaya gaban lemun tsami. Baro wayam.

Ramiro ya ce kada mu damu, ai akwai fitilu. Ya jona su, bishiyar ta haska, kyakkyawa kamar a shago. Na cije baki, don na rantse miki. Shi kuwa ya tsaya yana kallo, sai ya miƙa hannu cikin rassa ya damƙe ƙwai ɗaya. Ya daɗe riƙe da shi. Ya ce, kamar mai magana da kansa, "Da muna yara waɗannan har yatsu suke ƙona mana." Ya juyo ya dube ni. Ban ce masa komai ba, komadre, Allah shaida ne, amma fuskata ba ta taɓa iya ɓoye abu ba.

"Doña Socorro, ta sani?"

"Ta sani, ɗana. Kuma ta ce tun da aka shuka shi bai taɓa yin kyau irin na bana ba."

Wannan ba ki faɗa ba, amma na san da ke ya tambaya, da kin faɗa. Ya rufe fuska da hannu. Kafin wani ya yi magana, Don Fidencio ya juya ya fita da ɗingishinsa. Jim kaɗan ya dawo yana jan wata doguwar waya ta tsofaffin ƙwai, ya kwanto ta daga nasa lemun zaƙin. Na ce kai fa, naka? Ya ce nasa ɗan gari ne, ya saba da wulaƙanci. Ya miƙa wa Ramiro bakin wayar ya ce, "Hau, yaro. Kai ka san rassan."

Saura abin rufi. Idalia ta tambaye ni me kike rufa masa, tunda baro ba komai. Wannan ma kin hana ni faɗa, amma na ga rantsuwa ɗaya ta ishe ni a rana ɗaya. Na gaya mata. Ashe tun da safe ta naɗe bargon gadonki ta sa a bayan motarta, shi kaɗai ta roƙa daga duk kayan gidan, don har yanzu yana ƙanshinki. Ta san kuma abin da ƙayar lemun tsami da raɓa ke yi wa tsohon ƙyalle. Ba wanda ya ce mata ta kawo, ni ma da bakina ban iya ba. Ta tafi, muka ji an buɗe mota, ta dawo rungume da shi. Ta sa fuskarta a ciki sau ɗaya, ta daɗe, sannan ta miƙa wa yayanta gefe. Suka ja shi har ƙasa, muka danne da bulo, ta zagaya sau biyu tana duba ko an bar wata kafa.

Da safe ruwan kwanon kare ya zama dutse, gilasan motoci fari, tiyo ya sandare. Tsofaffin layi suka ce sun daɗe ba su ga irin wannan sanyi ba. Muka jira rana ta hau sosai, kamar yadda kike yi, sannan muka yaye. Da farko ba a gane komai. Bayan kwanaki saman bishiyar ya yi baƙi, ganye ya naɗe yana zuba. Ramiro, wanda ya ɗage tafiyarsa, ya fito da almakashin yankan rassa, idonsa jajur, ya ce ba zai iya kallonsa haka ba. Na yi masa tsawa ta kan katanga, da muryar da ban san ina da ita ba, ina jin taki ce. Na ce ya ajiye. Abin da sanyi ya ƙona ba a yanke shi sai Maris, don mataccen da ke sama shi ke kare mai ran da ke ƙasa. Na zagayo, na kama babban yatsansa, na sa ya kankare ɓawon reshe da farce. Na farko busasshe. Muka sauka ƙasa kaɗan, shi ma busasshe. Muka sauka zuwa babban reshen da ke kusa da fitilun Don Fidencio, ya kankare, sai ga kore shar, da danshi. Ramiro, babban mutum mai furfura, ya durƙusa a taɓo yana kuka, ni kuma na bar shi ya yi.

Yana da rai, komadre. Bana ba za mu sha lemunsa ba, wataƙila baɗi ma, amma yana da rai. Ramiro ya ce zai dawo a Maris ya yi yankan da hannunsa. Idalia ta wanke bargonki, ta ɗinke inda ƙaya ta yaga, na ɗauka mota za ta mayar da shi. Ranar da za ta tafi sai na tarar da shi a baro, a naɗe, a kan na Nabor. Baron yanzu yana rumfata. Gwiwoyina ba su da kirki, kin sani, amma ban sa wa tayar mai ba, kuma ba zan sa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ramiro da Idalia da 'ya'yansu, da danginki na Sonora da ba su samu zuwa ba, da Don Fidencio, da kowane gida a layinmu, don ba gidan da bai yi rashi ba. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zukatanku, ya haɗa kanku a bayanta. Ni ma a yi mini ta'aziyya, don har yau nakan kai kofi biyu bakin katanga.

Ke kuma, komadre Tila, Allah ya ji ƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya sada ki da Nabor da mahaifiyarki a inda ruwa ba ya cin gari. Yadda kika bi gida gida kina rufa wa na wasu, kika bar naki a ƙarshe, Allah ya sa ki cikin na farko. Ya lulluɓe ki da rahamarsa har ƙasa, kada ya bar ko gefe ɗaya a buɗe. Amin.